Mushe Chindo da Buhun Kayan Ƙara

A lakwal ɗinmu ta Malbaza, wato makarantar firamare, can bayan inda manyan motocin siminti ke kwana, akwai wani ɗaki a ƙarshen jerin azuzuwa da aka rubuta wa "Ɗakin Karatu" a bisa ƙofa. Abin da ke ciki bai da yawa: kanta uku, littattafan da wata ƙungiya ta kawo mana, tabarmi biyu, sai Mushe Chindo. Mu malamai maza kowa Mushe ake ce masa, amma in ka ji an ce Mushe kawai ba a ƙara suna ba, to Chindo ake nufi. Ni Fa'izu nake, ajina ne ke manne da ɗakin nasa, saboda haka abin da zan faɗa yawancinsa a gabana aka yi.

Chindo dogo ne siriri, kullum da biro uku a aljihun gaba, ko da yake ɗaya ce ke rubutu. A bakinsa babu abin da bai iya ba. Shi ya taɓa gyara fankar buro, wato ofishin direkta, tun daga ranar sai an tura ta da sanda take tashi. Matsalarsa guda ce, yara ba sa shiga ɗakinsa. Sukan leƙa, su gan shi zaune yana gyangyaɗi a kan ƙamus, su wuce.

Wata Litinin direkta, Madam Aminatu, ta tara mu a buronta. Mace ce mai magana a hankali, ba ta maimaita zance.

"Hatsin abincin yara na zuwa ƙarshen wata," in ji ta, "kuma ba mu da wurin ajiya. Ansfekta zai zo Alhamis ta sama. In ya tarar da ɗakin karatu ba kowa, ɗakin ya zama magaza. Kai kuma Mushe Chindo ka koma ajin farko."

Ajin farko yara casa'in ne, rabinsu ba su daina kuka da safe ba. Duk muka dubi Chindo. Amma sai ya gyara zama ya yi murmushi.

"Madam, ki bar ansfekta ya zo. Ni da na yi formasiyo ta horar da malamai a Tawa?"

"Ta kwana uku," in ji Madam.

"Kwana uku na Tawa, Madam. A can na ga wata mata ta ba da labari da 'yar ƙararrawa guda ɗaya a hannu. Duk inda ta kai wurin da akuya ta shigo sai ta kaɗa. Manya talatin, ba wanda ya motsa. To ita ke nan da ƙararrawa ɗaya. Ni in na samu buhu guda fa?"

"Buhun me?"

"Metod ce sabuwa ta karantarwa. Ba a kawo ta nan ba tukuna."

Ranar Asabar ya tafi Birnin Konni. Ya ratsa rumfunan masu kayan wasan yara da ake shigowa da su daga ƙetaren iyaka, ya matsa wannan, ya busa wancan, har masu rumfa suka fara kallon juna. Ya dawo tasha da buhu cike. A ciki akwai kajin roba shida, rawaya, masu dogon wuya da baki buɗe, waɗanda in ka matsa cikinsu ka saki sai su yi wani ihu mai tsawo kamar ana fige su da rai. Akwai gwangwani mai ramuka a kai, in ka kifa shi ka mayar sai ya yi kukan ɗan maraƙi. Akwai usur mai siffar tsuntsu, wanda in an zuba masa ruwa yake kukan kanari. Sai wata 'yar akwati mai batir, girman sabulu, da ke ƙyalƙyala dariyar ƙato in an danna ta.

Abin da ya faru a mota direban ne ya ba ni labari, don maƙwabcina ne. Ya ce Chindo ya ƙi yarda a ɗaure buhun a bisa, wai kayan aikin gwamnati ne. Ya ajiye shi kan kujera kusa da shi, ya leƙa taga yana sayen ruwa. Sai ga wata Hajiya mai sayar da atamfa, mai jiki, ta shigo da baya ta zauna.

Kaji shida suka ɗauka tare.

Hajiya ta miƙe har kanta ya bugi rufin mota. Da ta miƙe kajin suka ja iska, suka sake wani ihun da ya fi na farko.

"Na shiga uku, kajin wa na zamna ma?"

Wani dattijo a baya ya ajiye carbi ya zaro wuƙa daga kube. "Ku miƙo su maza a yanka, kada su zama mushe."

"Ni ne Mushe," in ji Chindo, yana jan buhun.

"Ba kai ba, ɗana, kajin. Kawo tun suna motsi."

Kafin Chindo ya yi bayani dattijon ya zura hannu ya jawo ɗaya ta wuya. Ya dube ta, ta dube shi da idon fenti. Ya juya ta, ya latsa cikin da yatsa, ta yi masa ƙara a fuska.

"Wagga ai tun daga kamfani mushe ta," in ji dattijon. Ya mayar da wuƙarsa.

Motar ta yi dariya har kwanar Malbaza, ban da Hajiya, wadda ta ce a tsaya ta koma gaba. Chindo kuwa ya yi ta yi wa fasinjoji bayanin yadda ake karantarwa a ƙasashen da suka ci gaba. Duk ramin da motar ta faɗa sai buhun ya amsa.

A gida bayan la'asar ya baje kayan a tsakar gida don ya gwada. Matarsa Saratu na tankaɗe a gindin turmi, kajinta na gaske suna tsince-tsince kewaye da ita. Ya ɗauki ta roba ya matsa. Kajin Saratu suka watse. Biyu suka haye katanga, ɗaya ta faɗa cikin kwaryar gari, zakaran ya shige ƙarƙashin gado bai fito ba sai washegari.

Saratu ta dubi garin, ta dubi mijinta. "Mi ke nan kuma?"

"Kayan aiki ne."

"Wane aiki? Korar kaji?"

"Ke ba ki san pedagoji ba."

"Na san tuwon dare dai, ga shi nan kaza ta yi wanka ciki."

Bai kula ta ba. Ya ɗauki gwangwanin ya kifa, ya mayar. Kukan ɗan maraƙi ya fito a hankali, mai ban tausayi. Daga bayan zana wata murya mai kauri ta amsa.

Maƙwabcinsu Illo yana da saniya guda, tsohuwa mai farin goshi, Kyalla yake ce mata. A makon nan ya sayar da ɗan maraƙinta a kasuwar Dogarawa, tun ranar ba ta cin abinci sosai, sai kuka. Chindo ya sake kifa gwangwanin. Zanan ya yi ciki, ya yi ƙara, ya kwanta. Ga Kyalla tsaye a tsakar gidan Chindo da guntun igiya a wuya, tana shinshinar iska.

Illo ya biyo ta da gudu, riga a hannu. Da ya ga gwangwanin sai ya tsaya yana haki.

"Mushe, kai ka yi kukan ga?"

"Ba ni ba, na'ura ce."

"To don Allah ka bar na'urar ga ta huta. Kwana huɗu ina lallashinta ta manta, ka zo ka tuna mata."

"Malam Illo, ba ka ga abin mamaki ba? Saniya da kanta ta yarda. In saniya ta yarda, ina ga yaro ɗan shekara tara?"

"Ni zanana nika gani kwance."

"Wannan ƙaramin abu ne a kan ilimi."

"To ilimi shi zo shi tada shi," in ji Saratu.

Illo ya ja saniyarsa da ƙyar, tana waiwaye. A bakin ƙofa ya juyo ya ce tunda zana ya faɗi, daga gobe a filin bayan lakwal zai riƙa ɗaure ta da rana, inda ciyawa take. Chindo yana lissafa kajinsa na roba, bai ji ba. Saratu ce ta ji, ita ta gaya wa matata daga baya.

Litinin da Talata da Laraba ya ari ajina don gwaji. Ya ƙirƙiro labarinsa da kansa, na wata kaza da ta ɓata a daji, tsuntsu ya nuna mata hanya, ɗan maraƙi ya raka ta gida. Ya zaɓi yara shida ya ba kowa kaza guda. Usur da gwangwani da akwatin dariya kuwa ya ce sai shi, don suna buƙatar ƙwarewa.

Ranar farko yaran suka yi ta matsawa ba kai ba gindi. Rana ta biyu suka ji tsoronsa suka ƙi matsawa sam. Sai ya tsaya a gabansu ya ɗaga yatsa.

"Ku saurara. Doka ɗaya ce. Duk lokacin da kuka ji an ce kaza, ku matsa. Ba kafin ba, ba bayan ba."

Wata yarinya mai suna Rashida, wadda ba a gama magana ba ta yi tambaya ba, ta ɗaga hannu. "Mushe, ko ba kai ka faɗa ba?"

"Ko wa ya faɗa. Kunnenku ya ji kaza, hannunku ya matsa. Kun gane?"

"Mun gane, Mushe."

Da muka fito na ce masa, "Mushe Chindo, da ka rage kayan nan. Kaza ɗaya ta isa."

Ya dafa kafaɗata. "Fa'izu, kai malamin alli ne. Ba laifinka ba ne, haka aka koya maka. Ranar Alhamis ka tsaya a baya ka buɗe ido. Ba mamaki ansfekta ya ce in zaga Illela da Konni ina koya wa malamai. In haka ta faru zan sa sunanka, ka riƙa ɗaukar mini buhu."

Ranar Alhamis Chindo ya zo cikin babbar riga fara mai sitaci. Ya share ɗakin, ya shimfiɗa tabarmi, ya jera yara arba'in, masu kaji a sahun gaba. Ya sa usur a aljihun dama, akwatin dariya a aljihun ƙirji, gwangwani a kan tebur. Ya aro kujerar Madam mai hannu ya ajiye wa baƙo.

Wajen ƙarfe tara da rabi motar ansfekta ta tsaya. Sunansa Mushe Tijjani, gajere ne mai furfura a gemu, da tabarau, ba ya yawan murmushi. Madam ta zaga da shi azuzuwa biyu, sannan suka nufo ɗakin karatu, ni ina biye.

Dokin ƙofar ɗakin yana da tudu. Ansfekta yana duban yaran bai duba ƙasa ba, sai ya yi tuntuɓe. Chindo ya yi tsalle ya tare shi da ƙirji, ya rungume shi.

Daga ƙirjin Chindo wani ƙato ya fashe da dariya.

Dariya ce mai tsawo, irin ta wanda ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, tana sauka tana sake hawa. Ansfekta ya ja da baya ya gyara tabarau, ya dubi bakin Chindo. Bakin a rufe yake. Chindo ya daki aljihunsa don ta yi shiru, sai ta koma farko.

"Ba ni ba ne, Mushe Ansfekta."

"Na ga alama. Wane ne?"

"Yana cikin shirin. Sai dai ba nan ne wurinsa ba."

Muka tsaya tsaye muna jira har ƙaton ya gama. Yaran sun cije leɓe, wasu sun sa kai cikin gwiwa. Madam tana kallon rufi.

Ansfekta ya zauna. Ya ce kafin a fara zai yi wa yara 'yar magana. Ya yi gyaran murya.

"Yara, karatu ba na aji kaɗai ba ne. Ni ba na son in zo lakwal a ce mini ɗakin karatu yana da matsala kaza..."

Kaji shida suka yi ihu.

Ansfekta ya tsaya da baki buɗe. Ni na san yaran nan sun san bambancin kazar da ake yankawa da kazan da ake faɗa a zance, sarai suka sani. Amma an ba su doka, kuma ba su taɓa samun dokar da suke so kamar wannan ba.

Ya jira ihun ya mutu, ya ci gaba a hankali. "Ina cewa, kullum uzuri ake kawo mini, a ce kaza da kaza..."

Sau biyu suka matsa, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya faɗa. Rashida har da gyaɗa kai, ta gamsu da aikinta.

"Mushe Chindo," in ji ansfekta, "akwai wata kalma kuma da ya kamata in kiyaye?"

"Babu, ranka ya daɗe. Ita kaɗai ce."

"To bismilla. Fara."

Chindo ya share gumi ya tsaya a tsakiya. Gaskiya farkon ya yi kyau. Ya ce wata rana wata kaza, aka matsa daidai, ta fita neman tsaba ta yi nisa da gida. Yaran suka natsu. Har na ga ansfekta ya zaro biro ya rubuta wani abu. Chindo ma ya gani, sai muryarsa ta ƙara ƙarfi, hannayen riga suka fara tashi sama.

"Tana cikin kuka, sai ga wani ɗan tsuntsu a kan reshe, ya buɗe baki ya ce..."

Ya zaro usur ya cika kumatu ya busa. Ruwan da ya zuba masa da safe ya riga ya tsiyaye cikin aljihu tun wurin rungumar baƙo. Usur ba ruwa ba ya kukan kanari. Abin da ya fito ƙara ce doguwa mai kaifi, irin wadda Madam ke busawa in lokacin shan iska ya yi.

Muka ji ƙofofin azuzuwa shida sun buɗe. Yara ɗari uku suka zubo fili da ihu, saura minti ashirin lokaci ya yi. Mata masu ƙosai da fanke da ke jira a gindin bishiyar bedi suka yi sauri suka buɗe robobinsu. Malamai suka fito suna duba agogo. Da yaran suka ji ana wani abu a ɗakin karatu, sai suka yo can gaba ɗaya. Taga biyu suka cika da kawuna, ƙofa ta toshe, ɗakin ya yi duhu.

Madam ta miƙe. Chindo ya ɗaga mata hannu.

"Madam, bar su. Kin ga abin da nake faɗa? Jama'a ta zo da kanta."

Sai dai hayaniya ta hana a ji shi. Ya ɗaga murya, ba a ji. Sai ya tsallake rabin labarin ya kai wurin ɗan maraƙi, ya ɗauki gwangwani ya ɗaga sama yadda na waje za su gani, ya kifa ya mayar. Aka yi tsit. Ya ji daɗin haka, ya sake. Ya matsa kusa da taga ta baya, wadda ke kallon fili, ya sake har sau uku.

Daga filin aka amsa.

Ni na san muryar, don Saratu ta riga ta ba matata labari. Na ce, "Mushe Chindo, ajiye gwangwanin nan." Bai ji ba, ko ya ji ya ɗauka hassada ce.

Yaran da ke ƙofa suka dare biyu. Kyalla ta sa kai, ta tsallake dokin ƙofar da ya kayar da ansfekta ba tare da ta taɓa shi ba, ta shigo tana jan turke a ƙarshen igiya. Ba ta da faɗa, ba ta kalli kowa ba. Yaran tabarma suka manne da bango suna dariya, masu kaji suka zubar da kajinsu. Ta taka ɗaya, kazar ta yi ihu. Ta ɗaga ƙafa ta taka wata. Ba ta damu ba, gwangwani take nema.

Chindo ya ja baya har ya jingina da kanta. Ta matso. Ya taka kantar farko, ya taka ta biyu, ya haye can bisa ya durƙusa, kansa na gogar kwano, babbar riga ta naɗe masa ƙafa. Gwangwanin na hannunsa, duk motsin da ya yi sai ɗan maraƙi ya yi kuka. Kyalla ta ɗaga kai ta zaro harshe ta lashi tafin ƙafarsa.

A nan ne Mushe Chindo, mai formasiyo ta Tawa, ya ce, "Wayyo Inna!"

Ƙirjinsa ya bugi gwiwa, ƙaton aljihu ya sake fashewa da dariya. Wannan karon ba shi kaɗai ya yi ba. Yara ɗari uku, da malamai, da masu ƙosai da suka bar robobinsu suka zo leƙe, kowa ya kama ciki.

"Jefar da gwangwanin," in ji Madam.

"In ta ji haushi fa?"

"Jefar da shi, Mushe Chindo."

Ya rufe ido ya jefa. Gwangwanin ya juya a iska yana kuka, ya sauka a cinyar ansfekta. Kyalla ta juya.

Na ɗauka yau aikinmu duka ya ƙare. Amma Mushe Tijjani bai ko tashi da sauri ba. Ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya riƙe gwangwanin a miƙe yadda ba zai yi kuka ba, ya miƙa ɗaya hannun ya sosa mata ƙarƙashin wuya. Ya yi mata wata magana ƙasa-ƙasa da Fillanci. Saniyar ta sauke kai ta dafa goshinta a kafaɗarsa. Ya tashi ya kama igiyar ya fita da ita, tana bin sa kamar ta san shi tun tana ƙarama.

A waje suka yi karo da Illo, ya taho da gudu ba takalmi.

"Taka ce?" in ji ansfekta.

"Tawa ta, ranka shi daɗe. Wallahi ɗaure na bar ta."

"An raba ta da ɗanta ne?"

"Ya fi sati guda."

"Ka riƙa ba ta dusa da ɗan gishiri, kuma ka ɗaure ta kusa da wasu shanu. Ni a rugga na girma." Ya miƙa masa igiyar, ya juya wurin Madam. "Wancan ya sauko?"

Bai sauko ba. Sai da ni da wani malami muka kawo tebur muka sauke shi.

Ansfekta ya sa aka kai masa kujera gindin bedi. Yara suka kewaye shi, kowa na ba na kusa da shi labarin abin da ya gani, har da waɗanda ba su ga komai ba sai ƙeyar na gabansu. Ya zauna yana saurare. Ya kira ɗaya ya ce ya faɗa daga farko. Yaron ya fara, wata ta ce ya tsallake wurin usur, wani ya ce ba haka saniyar ta shigo ba, ya tashi ya nuna. 'Yan ajin farko ma da ba sa buɗe baki a gaban manya suna ta ɗaga hannu.

Chindo na tsaye gefe, riga ta yi baƙi da ƙurar bisa kanta, takalmi ɗaya a hannu.

"Mushe Chindo," in ji ansfekta, "labarinka bai kai ƙarshe ba, kuma ban ga an buɗe littafi ko ɗaya ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Lokaci ne ya..."

"Kayan nan duka a kai buron Madam. In za ka ba da labari ka karɓi ɗaya, ɗaya tak, ka mayar in ka gama. Gwangwanin kuma ni zan tafi da shi, don lafiyar saniyar mutane." Ya dubi yaran. "Amma shekarata goma sha ɗaya ina zagaya lakwal, ban taɓa ganin yara suna ture juna a ƙofar ɗakin karatu ba. Madam, ɗakin ya zauna. Kowane aji ya rubuta abin da ya gani yau, waɗanda ba su iya rubutu ba su zana. A ɗinke shi ya zama littafi, a sa a kanta. In na dawo zan karanta."

Motarsa ba ta gama fita ba Chindo ya sa takalminsa ya karkaɗe riga.

"Kun ji ko? Shekara goma sha ɗaya bai ga irinta ba."

"Mushe Chindo," in ji Madam, "tafi ka wanke ƙafarka."

Hatsin ya zo ƙarshen wata, a bayan ajina aka jibge shi. Littafin kuwa ya fito, shafi ashirin da shida, Madam ta ɗinke shi da zare da bangon kwali. Akwai zanen saniya kala-kala, wata da ƙafa biyar. Akwai zanen wani dogon mutum a bisa kanta da baki buɗe. Tun ranar ɗakin bai sake zama ba kowa ba. Yara sukan zo don wannan littafin, in sun tarar wani na riƙe da shi sai su ɗauki wani su zauna jira, da haka har aka fara karanta na ƙungiyar.

Duk Juma'a da safe Chindo ke karanta wa aji guda labari, kuma duk ajin da ya zo wannan suke zaɓa. Wata Juma'a ina tsaye a ƙofa da ajina a ciki, na ji ya kai ƙarshen shafi na shida, ya lashi yatsa ya buɗe biyu tare.

Rashida ta ɗaga hannu. "Mushe, ka tsallake na bakwai. Inda ka kira innarka."

"Wannan shafin akwai kurakuran rubutu. Sai an gyara."

Ba su jira gyara ba. Yara arba'in suka ɗauko shafin da ka, baki ɗaya, tun daga "sai Mushe ya hau kanta" har zuwa ƙarshe, ba su bar ko kalma ba. Da suka iso wurin kiran, suka ja shi da tsawo yadda ya yi shi.

Chindo ya jira suka gama. Ya rufe littafin, ya tako wurina a hankali, ya rage murya.

"Ka ji ko, Fa'izu? Shafi guda cur, da ka, ba wanda ya sa su. Kai da allinka, yaushe rabon da yaranka su haddace maka layi uku?"